Tsawon Kwanso da Dauɗar Bututu: Tarihin Sana'ar Sake Ɗura Harsashi

A ƙasar Amurka, da Kanada, da Ostareliya, da waɗansu ƙasashen Turai inda doka ta yarda da haka, akwai wata jama'a ta maharba da ma'abota gasar harbi waɗanda ba su yar da kwanson harsashi bayan sun harba shi, sai su tsince shi su koma da shi gida, su wanke, su matse shi ya koma siffarsa ta fari, su sa masa sabon ƙyastu da sabon albarushi da sabuwar ƙwaya, har kwanso guda ya yi musu aiki sau biyar ko sau goma. Wanda ya zauna da mutanen nan zai tarar mas'aloli biyu ne suka fi cin lokacinsu da muhawararsu, watau tsawon da ya kamata a datse kwanso a kansa, da kuma dauɗar da ke taruwa a cikin bututun bindiga. Ko da yake mai hange daga nesa zai ɗauke su ƙananan al'amura na masu neman abin shagala, ni a ganina su ne ƙashin bayan tarihin bindiga baki ɗaya, domin tun ran da aka fara cusa albarushi a bututun ƙarfe, abin da ya fi wahalar da maƙera da mayaƙa shi ne saurar da harbi ke bari a bayansa, wadda ke hana na biyu da na goma fita kamar yadda na farko ya fita.

Asalin mas'alar yana cikin albarushin kansa. Baƙin albarushi na dā, wanda mutanen Sin suka gano, kuma masanin yaƙin nan na ƙasar Sham, Najmuddini Hasan al-Rammah, ya bayyana hanyar tace gishirinsa a littafinsa na ilmin hawan doki da dabarun yaƙi a ƙarshen ƙarni na 13, haɗi ne na gishirin albarushi da gawayi da farar wuta. Kuma idan ya kama wuta, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iskar da ke tura ƙwaya, toka da hayaƙi yake zama, wani ya fita ta baki, wani ya manne a jikin bututu ya bushe ya yi tauri. Saboda haka ne sojojin Turai suka shekara ɗaruruwa suna riƙe da bindiga mai sulɓin ciki, suna ɗura mata dalmar da ta fi ramin ƙanƙanta da gangan, don ta iya wuce tokar, alhali kuwa sun san cewa bututun da aka yi wa tsaga mai murɗawa ya fi kai ƙwaya inda aka nufa nesa ba kusa ba. Illarsa ita ce sai dalma ta matse ƙam kafin tsagar ta kama ta, kuma bayan 'yan harbe-harbe kaɗan sai mutum ya koma dukan maɗuri da ƙarfi kafin ƙwayar ta sauka, ga abokan gaba suna matsowa.

Wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya warware rabin matsalar wajen 1849 da ƙwaya mai rami a gindi, wadda ke shiga a sake, sa'an nan ƙarfin wuta ya buɗa gindin nata ta cika tsaga. Ɗaya rabin kuwa sai aka koma ga maiko, domin an lura cewa kitse yana sa tokar ta zauna da laushi, kowane harbi ya share ta wanda ya gabace shi. A nan ne wannan ƙaramar mas'ala ta fasaha ta shiga tarihin al'ummai ta ƙofar da ba wanda ya zata. Bindigar Enfield ta 1853, wadda Ingilishi suka kai wa sojojinsu na Indiya, tana da harsashin takarda mai maiko wanda soja zai yage da haƙori kafin ya zuba albarushin. Sai labari ya bazu a barikoki cewa maikon nan kitsen alade ne da na saniya, na farko najasa ne haramtacce ga Musulmi, na biyu kuma abin alfarma ne ga Hindu. Hukuma ta yi ƙoƙarin gyara, ta ce a yage da hannu, kowa kuma ya shafa man shanu ko kakin zuma da kansa, amma aminci ya riga ya tafi. A garin Meerut aka yanke wa mahaya 85 hukuncin ɗauri saboda sun ƙi karɓar harsasai, aka sa musu mari a gaban 'yan'uwansu ranar 9 ga Mayu 1857, washegari kuwa bore ya tashi wanda bai lafa ba sai da ya kawo ƙarshen mulkin Kamfanin Gabashin Indiya a 1858. Lalle sababan wannan fitina sun fi maiko yawa da zurfi, akwai ƙwace masarautu da nauyin haraji da wulaƙanci. Amma ina ganin aya ce babba a ce masu mulki sun san abin da ke tausasa tokar bindiga ƙwarai, sun jahilci abin da ke taurara zukatan mutanen da suka danƙa wa bindigar.

A wannan zamanin ne kwanson ƙarfe ya fara samun gindin zama. Tun 1812 wani maƙeri ɗan Siwizalan mazaunin Paris, Jean Samuel Pauly, ya yi harsashin da ya haɗa ƙyastu da albarushi da ƙwaya wuri guda, amma sai bayan rabin ƙarni al'amarin ya nuna. A 1866 mutum biyu suka yi rajistar ƙyastun da ke zaune a tsakiyar gindin kwanso: Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila, da Hiram Berdan na Amurka. Na Boxer yana da huda guda a tsakiya, wadda za a iya zura tsinke ta cikinta a turo tsohon ƙyastu waje cikin sauƙi. Na Berdan yana da ƙananan huduna a gefe, cire shi kuwa aiki ne. Ikon Allah, sai Turai ta rungumi na Ba'amurken, Amurka ta rungumi na Baturen Ingila, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa sana'ar sake ɗuri ta yi saiwa a Amurka fiye da ko'ina.

Ya kamata a fahimci cewa aikin kwanso ya wuce zama mazubin albarushi. A lokacin harbi yakan kumbura ya manne da bangon gurbinsa, ya toshe duk wata kafa da wuta za ta bi ta dawo wa fuskar mai harbi, sa'an nan da matsin ya sauka ya ɗan tsuke don a iya zaro shi. Ba kowane ƙarfe ke da wannan ɗabi'a ba. Sojojin Amurka sun gwada jan ƙarfe a bindigarsu ta Springfield ta 1873, suka tarar yana maƙalewa idan bindiga ta yi zafi ta yi dauɗa. Ingilishi sun yi na Martini-Henry da siririn fallen tagulla naɗaɗɗe, sai da yaƙin Sudan ya tona asirinsa: a Abu Tulaih, ranar 17 ga Janairu 1885, rundunar da ke gaggawar kai wa Janar Gordon ɗauki a Khartum ta ga bindigoginta suna cijewa saboda yashi da zafi da toka, a daidai lokacin da Ansar ɗin Mahadi suka fasa kusurwar sahunta da masu. A shekarar nan aka koma ga kwanson da aka ja daga curin tagulla guda ba haɗi, kuma a hankali duniya ta daidaita a kan tagulla mai jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Su ma mutanen Mahadi, da suka gaji dubban bindigogin Remington daga rundunar Janar Hicks da suka hallaka a Shaikan a 1883, ba su da masana'antar da za ta aiko musu da harsashi, don haka gwamnatin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ta riƙa sarrafa albarushi tana sake cika tsofaffin kwansuna.

Larura irin wannan ce ta haifi sana'ar a Amurka. Maharban ɓauna na shekarun 1870, waɗanda ke nisa da kowace kasuwa da tafiyar makonni, sukan ɗauki dalma da albarushi da ƙyastu a keken doki, da dare su narka dalma su zuba a mazubi, su wanke kwansunan da suka harba da rana su sake cika su. Da rana kuma, in bututun bindigar Sharps ya yi zafi ya cushe, su zuba masa ruwa su goge. Ƙwarewarsu ba abin musu ba ce, amma abin da suka yi da ita ɓarna ce mai ban takaici, domin dabbar da ake ƙirga ta da miliyoyi ta koma 'yan ɗaruruwa a daji kafin 1890, al'ummomin asalin ƙasar da ke rayuwa a kanta kuma suka shiga yunwa. Bayansu sana'ar ta koma hannun manoma da masu gasa, musamman da John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven a 1884, yana sayar da wani ɗan kayan aiki mai kama da awartaki da littafin jagora, gadon da kamfanin Lyman ya karɓa a 1925.

A shekarar 1884 ɗin nan dai, masanin kimiyyar Faransa Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda kusan dukkansa ke zama iska, aka sa shi a bindigar Lebel ta 1886, jama'a kuwa suka zaci an yi bankwana da dauɗa ke nan har abada. Abin da ya faru shi ne dauɗa guda da kowa ke gani da idonsa ta tafi, uku da ba a gani suka maye gurbinta. Ta farko ƙarfe ce. Gudun ƙwaya ya tashi daga wajen mita 400 a daƙiƙa zuwa fiye da 600, daga baya har 800, dalma tsirara ba ta iya jure wannan, sai aka bi dabarar Eduard Rubin na Siwizalan aka yi mata riga. Rigar da aka fi so da fari kuwa, haɗin jan ƙarfe da nikel, ta riƙa barin ƙulle-ƙulle a cikin bututu wajen baki, waɗanda ba abin da ke narka su sai ruwan amoniya mai ƙarfi. Masu gasa a Amurka suka ɗauki al'adar tsoma kan harsashi a man girisi. Wani hafsan soja, Townsend Whelen, yana ma'aikatar makamai ta Frankford, ya ji cewa Faransawa sun gano kuza tana hana jan ƙarfe mannewa, sai ya sa aka shafe ƙwayoyin gasar ƙasa ta 1921 da kuza. Dauɗar ta ragu, amma kuzar ta like ƙwaya da wuyan kwanso, matsi ya hau, bindigogi suka lalace a filin Camp Perry, hukumar soja kuma ta ɗora laifin a kan man girisi. Maganin da ya dore shi ne rigar jan ƙarfe mai ɗan tutiya, wadda kamfanin Western ya fito da irinta a 1922.

Sauran biyun daga ƙyastu suka fito. Tsohon ƙyastu yana da zaiba, wadda tokar baƙin albarushi ke shanyewa ba a sani ba. Da tokar ta kau, sai zaibar ta riƙa shiga jikin tagulla tana mai da ita gautsi, kwanson da aka sake cikawa ya tsage a harbi na biyu ko na uku. Aka cire zaiba kafin ƙarshen ƙarni na 19 a harsasan sojan Amurka, sai ga tsatsa tana cin bututun da aka goge aka shafe da mai sarai, har masana suka yi shekaru suna zargin wani asid da suke zaton albarushi ke turawa cikin ƙofofin ƙarfe. Dokta Wilbert Huff na hukumar ma'adinai ta Amurka ne ya yi tahaƙiƙi a 1922, ya nuna cewa ƙyastun yana barin wani gishiri ɗan'uwan gishirin miya, mai jawo laima daga iska, wanda mai ba ya narka shi, ruwa kaɗai ke wanke shi. Sojojin Ingila sun daɗe suna ɗura tafasasshen ruwa ta cikin bututun Lee-Enfield, bindigar nan da sojojin Nijeriya da na Gwalkwas suka riƙe a Bama, tajriba ta riga hujja isowa. Ƙyastun da ba ya kawo tsatsa ya shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1920, amma sojan Amurka bai gama komawa gare shi ba sai farkon shekarun 1950. Akwai kuma wani abin lura game da amoniyar nan da ke wanke bututu, domin ita ce maƙiyiyar kwanso: harsasan da Ingilishi suka ajiye a bargar dawakai a Indiya lokacin damina sun riƙa tsagewa da kansu, sai a 1921 wani masani mai suna Moore da abokan aikinsa suka tabbatar cewa tururin fitsarin dawakai ne ke kama tagullar da matsi ya gajiyar, kuma gasa wuyan kwanso da wuta daidai gwargwado yana kare shi.

To, a nan ne batun tsawo ya taso. Kwanson zamanin baƙin albarushi galibi miƙaƙƙe ne, matsinsa kaɗan, bai cika sauya siffa ba. Na sabon zamani yana da faffaɗan ciki da kafaɗa da siririn wuya, kuma matsin da yake ɗauka a harsashi irin .30-06 na 1906 yana iya kai fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Idan ya kumbura a harbi, sa'an nan aka tura shi cikin mamatsa don ya koma girmansa, tagullar ba ta da inda za ta nufa sai gaba, kamar curin ƙullu da aka murza tsakanin tafuka biyu, ya rage kauri ya ƙara tsawo. Gurbin bindiga kuwa yana da haddi, daga inda wuyan kwanso ya ƙare akwai 'yar gaɓa da ke tsukewa zuwa bututu. Kwanson da ya wuce haddi, idan aka rufe bindiga da ƙarfi, bakinsa zai cusu cikin gaɓar nan ya damƙe ƙwaya, ta rasa sakewar da take bukata a farkon tashi, matsi ya zarce abin da aka ƙaddara, mai yiwuwa ƙyastu ya fashe, ko iska mai zafi ta dawo wa ido, ko abin da ya fi haka muni.

Ba a iya maganar haddi sai an yi ittifaƙi a kan awo, wannan kuwa aikin hukumomi biyu ne: ta ƙasashen Turai da aka kafa a 1914, da ƙungiyar masu ƙera makamai da harsasai ta Amurka, SAAMI, ta 1926. Su suka rubuta cewa kwanson .30-06 ba zai wuce inci 2.494 ba, na .308 Winchester da ya fito a 1952 kuma inci 2.015; littattafan jagora suka ɗora ƙa'idar cewa a datse ƙasa da haka da inci 0.010, watau rubu'in milimita. L. E. Wilson na garin Cashmere a jihar Washington, wanda ya fara sana'arsa a 1927, ya shahara da ma'auni da ɗan injin datse kwanso na hannu. Littafin Philip Sharpe na 1937 ya tattara ilmin sana'ar wuri guda. Ƙarancin harsashi a Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Fred Huntington ya kafa kamfanin kayan sake ɗuri na RCBS a 1943. Bruce Hodgdon kuma ya sayi fam 50,000 na rarar albarushin soja a 1947 ya riƙa sayarwa da araha, sana'ar ta shiga gidajen talakawa.

Abin da masu hankalin cikinsu ke nanatawa, kuma ya cancanci nanatawa, shi ne tagullar da ake askewa a baki daga wani wuri ta taho. Daga bangon kwanso take zuwa, ɗan sama da gindi, inda yake sirancewa a ɓoye har wata rana gindin ya rabu da jiki a cikin bindiga. Don haka suke duba wani zobe mai ƙyalli a waje, su zura lanƙwasasshiyar waya su laluba kwari a ciki, da yawansu kuma su yar da kwanso bayan datsa ta huɗu ko ta biyar. Ma'abota Lee-Enfield sun fi kowa sanin wannan, domin an yi gurbinta da yalwa don ta karɓi harsashi ko da laka a jikinsa, kuma yalwar da ta ceci soja a rami ita ke gajarta ran kwanso. P. O. Ackley, maƙerin bindiga na Amurka, ya bi ta wata hanya, ya miƙar da jikin kwanso ya tsayar da kafaɗarsa a digiri 40, tagulla ta rage kwarara gaba.

Inda mas'alolin biyu suka haɗu shi ne ɗan ratar da ke tsakanin bakin kwanso da ƙarshen gurbi. Duk abin da aka rage wa kwanso an ƙara wa ratar nan, kuma a cikinta baƙar kunkunniyar albarushi ke sauka, wuta ta gasa ta harbi bayan harbi har ta zama zobe mai tauri da burushi ba ya cire shi cikin sauƙi. Hujjar wannan a bayyane take ga duk wanda ya daɗe yana harba gajeren harsashin .22 a gurbin dogon, sa'an nan ya nemi sa dogon ya ji ya cije. Haka kwanson da ya fi 'yan'uwansa tsawo, ko da bai wuce haddin littafi ba, zai iya hawa kan zoben ya damƙe ƙwaya, illar da aka guda ta dawo ta wata ƙofa. A kan wannan ma'abota sana'ar suka kasu biyu. Waɗansu sun tsaya a kan awon littafi, suna cewa an sa shi ne don ya dace da kowace bindiga. Waɗansu, musamman masu gasar harbi daga kan benci, suna auna gurbin bindigarsu da kansu, su tarar na masana'anta yakan fi haddin littafi tsawo, sai su bar kwanso ya kusanci ƙarshensa don ratar ta ƙuntata.

Ni dai na fi karkata ga na farko a haƙƙin galibin mutane, domin illolin biyu ba daidai suke a mizani ba: gajarta tana jawo aikin wanki, tsawo kuwa yana iya jawo rauni, kuma ijtihadi a nan ya halatta ne ga wanda ya auna gurbinsa da ma'auni, ba wanda ya ji an ce ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yi ittifaƙi a kansa shi ne kwansunan ɗuri guda su zama tsawonsu ɗaya. Tun da madubin leƙa cikin bututu ya yi araha a 'yan shekarun nan, da yawa daga cikin waɗanda suka yi ta zargin jan ƙarfe da lalata musu saiti sun leƙa sun tarar bututun nasu fes yake, zoben baƙin nan ne zaune a gaban gurbi, inda tsumman gogewa ke wucewa ta kansa ya fito fari.